Yankewa Lokaci Guda Ko Ragewa A Hankali: Wace Hanya Ta Fi Fitar Da Mai Shan Sigari A Kano?

Duk wanda ya kai ga tambayar yadda zai bar sigari ya riga ya wuce matakin wa'azi. Ya san tana cin aljihu, ya san tarin da yake tashi da shi da asuba ba na banza ba ne, mutanen gida ma sun yi magana har sun gaji. Abin da ya rage masa shi ne zaɓin hanya, kuma hanyoyin da ke gabansa a garin nan ba su wuce huɗu ba: ya yanke rana ɗaya, ya riƙa ragewa sannu a hankali, ya haɗa da magani, ko ya koma wa wani abin da aka ce masa ya fi sauƙi, irin su shisha, taba gari ko sigarin lantarki. Ba nauyinsu ɗaya ba. Wadda kuma mutane suka fi ƙauna, wato ragewa, ita ce a ganina ta fi yaudarar Bakano.

Sai an san abokin faɗa kafin a zaɓi makami. A cikin hayaƙin sigari akwai sinadarai sama da 7,000, kusan 70 daga cikinsu an tabbatar suna haddasa ciwon daji. Amma ba su ne ke riƙe da mutum ba. Mai riƙon shi ne nikotin, wanda ke isa ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙa 10 zuwa 20 da zuƙa, ya ba da ɗan jin daɗi, sannan cikin kamar awa biyu rabinsa ya fice daga jini. Da ya yi ƙasa sai jiki ya fara ƙorafi: ƙunci, saurin fushi, hankali ya ƙi tsayawa wuri ɗaya. Sai a kunna wata, a ji an dawo daidai, a ce ai sigari na kwantar da hankali, alhali ita ce ta tayar da shi tun farko. A riƙe wannan bambancin, domin duk awon da za mu yi a kansa ya rataya: nikotin ne ke kamawa, amma mafi yawan ɓarnar daga hayaƙin take, wato baƙin danƙon nan mai kama da kwalta da ke manne wa huhu, da iskar kabon monoksaid da ke ƙwace wa jini gurbin iskar shaƙa.

Ɓarnar kuwa ba a huhu kaɗai ta tsaya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba na kashe mutum sama da miliyan 7 duk shekara, kuma tana iya kashe har rabin masu shanta da ba su daina ba. Mu nan an fi jin tsoron ciwon dajin huhu, amma da yawa ta hanyar bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki take kayar da su, a shekarun da mutum ke tsakiyar ɗawainiyar iyali. Tana ƙara haɗarin ciwon suga da kashi 30 zuwa 40 cikin 100. Tana buɗe wa tarin fuka ƙofa, ta kuma sa maganinsa ya yi wuyar kamawa, abin da bai kamata mutumin Kano ya ɗauka da wasa ba. Ka ɗora wannan a kan huhun direban Adaidaita Sahu da ke wuni cikin hayaƙin cunkoson 'Yan Kura ko Ƙofar Wambai, ga ƙurar hunturu daga Nuwamba har Fabrairu. Sannan akwai abin da ba a cika faɗa a majalisa ba: sigari na tsuke jijiyoyin jini har da na gaba, tana rage wa namiji ƙarfi. Abin mamaki ne ka ga mutum ya tsaya a gaban motar mai tallar maganin maza da lasifika, hannu ɗaya na miƙa kuɗi, ɗayan na riƙe da sigari. Yaran da ke kwana ɗaki ɗaya da hayaƙin su ma suna biyan nasu kason, da nimoniya da asma da ciwon kunne.

To, mu fara da ragewa, tunda ita ce zuciya ta fi kwantawa da ita. Hujjarta a fili take: ba tsoro, ba ranar rabuwa, yau kara 15, mako mai zuwa 10, har a kai sifili. Matsalar farko ita ce jiki ba ya ƙirga kara, nikotin yake ƙirgawa. Wanda ya rage daga 15 zuwa 7 sai ka ga zuƙarsa ta ƙara zurfi, yana riƙe hayaƙin ya daɗe a ƙirji, yana shanye karan har wuta ta kusa taɓa yatsa. Lissafi ya ragu da rabi, abin da ya shiga jiki bai ragu da rabi ba. Ta biyu, kowane kara da ya rage ya ƙara daraja a idonsa. Da yana sha ne ba tare da ya lura ba, yanzu kuwa tun azahar yake jiran na bayan la'asar.

Ta uku ita ce ta fi ba mutane mamaki. Wani babban nazari da mujallar likitoci ta BMJ ta wallafa a 2018 ya nuna cewa mai shan kara ɗaya tak a rana yana ɗauke da kusan rabin ƙarin haɗarin ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki da ke kan mai shan kara 20. Ba kashi ɗaya cikin ashirin ba, kusan rabi. Dalili shi ne ɗan hayaƙi kaɗan ya isa ya sa jini ya yi saurin daskarewa, ya kuma ji wa bangon jijiya rauni. Saboda haka mai cewa "ai ni yanzu biyu kawai nake sha" ya taimaki aljihunsa, ya ɗan sassauta wa huhunsa, amma zuciyarsa ba ta fita daga haɗari ba.

Sai kuma matsalar da ta fi shafar mu. Dokar taƙaita shan taba ta ƙasa ta 2015 ta hana sayar da sigari ga wanda bai kai shekara 18 ba, ta kuma hana sayar da ita kara-kara, sai dai kwali mai 20 a rufe. Amma je ka bakin kowace tasha, ko Unguwa Uku ko Ƙofar Ruwa, ka dubi teburin mai kayan tireda: kwalaye a buɗe an jera su, laita ɗaure da zare a jikin ƙusa don kada a yi gaba da ita, kwalbar minti a gefe, goro lulluɓe da jiƙaƙƙen tsumma. "Malam, ba ni kara biyu da Tom Tom ɗaya." Shi ke nan ciniki ya faɗa, ba a ko tsaya ba. Wanda ke sayen kwali ya san abin da ya sha, domin yana ganin abin da ya rage. Mai sayen kara-kara kuwa ya saya a nan, ya saya a can, abokin aiki ya miƙo masa guntu ya ce "ungo ƙarasa", da dare ka tambaye shi nawa ya sha, zai ce huɗu, kuma har ga Allah ba ƙarya yake nufi ba. Ragewa aiki ne na lissafi, kuma yadda ake cinikin sigari a Kano ya rushe lissafin tun daga tushe. Ga shi babu wani shinge tsakanin sha'awa da biyan ta, canjin da ya rage a aljihu ya isa.

An taɓa gwada hanyoyin biyu kai da kai. A wani bincike da aka yi a Ingila, aka wallafa a 2016, an raba mashaya 697 gida biyu. Wasu aka ce su yanke a rana ɗaya, wasu su rage cikin mako biyu kafin ranar dainawa, kuma dukansu an ba su kayan nikotin, wato irin su filasta da cingam masu ba jiki nikotin ba hayaƙi, da shawarwarin ma'aikatan lafiya. Bayan mako huɗu, kashi 49 cikin 100 na masu yankewa ba su koma ba, masu ragewa kuwa kashi 39. Bayan wata shida, kashi 22 da kashi 15.5. Amma a yi adalci: da ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tattara gwaje-gwaje ta auna su a dunƙule, ta duba lamarin a 2019, ba ta ga wani bambanci bayyananne tsakanin hanyoyin biyu ba. Sai dai ragewar da ake yi a waɗannan gwaje-gwajen ba irin tamu ba ce. Tana da ranar ƙarewa, tana da mai bibiya, sau da yawa kuma tana tafe da magani. Ragewar "in sha Allahu a hankali zan bari", wadda ba ta da rana, ba ta cikin lissafin. Irinta ce ake shekara biyar ana yi.

Yankewa lokaci guda ta fi zafi, babu ɓoye-ɓoye. Kwana biyu zuwa uku na farko su ne ƙololuwa: ciwon kai, rashin barci, faɗa da kowa a kan abin da bai kai ya kawo ba, yunwa kamar an yi sata a ciki. Makon farko na da wuya, daga nan abin ya fara sauka, yawancin alamomin kuma sukan lafa cikin mako biyu zuwa huɗu. Ita sha'awar kanta ba wuni take yi ba, taso-taso take yi, ta yi 'yan mintuna ta wuce, ko an sha ko ba a sha ba. Wanda ya san haka ya riga ya sami rabin dabara: in ta taso, ya tashi daga inda yake, ya sha ruwa, ya yi alwala, ya sa asuwaki a baki, ya kira wani a waya. Kada tari ya ruɗe ka a makonnin farko, wasu yakan ƙaru musu saboda huhu ya fara fitar da abin da ya tara. Kada kuma a ce za a kwantar da shi da ruwan maganin tari mai kodin, wanda gwamnatin tarayya ta hana tun 2018 saboda ɓarnar da ya yi wa matasa, har da na garin nan.

Ribar yankewa ita ce agogon warkewa yana fara bugawa daga karan ƙarshe, abin da ragewa ba ta bayarwa. Cikin minti 20 bugun zuciya da hawan jini sun fara sauka. Cikin awa 12 gubar kabon monoksaid ta koma daidai a jini. Tsakanin mako 2 zuwa 12 jini na gudana da kyau, huhu na ƙara buɗewa, mai hawa benayen Kantin Kwari da dila a ka zai ji bambanci a ƙirjinsa. Bayan shekara ɗaya haɗarin ciwon zuciya ya koma kusan rabin na mai sha, bayan shekara 10 na ciwon dajin huhu ma haka. Binciken da aka fara kan likitocin Birtaniya a 1951, aka bi su shekara 50, shi ya nuna cewa mai sha na asarar kimanin shekara 10 na rayuwa, amma wanda ya daina yana da shekara 30 yakan tsira da kusan dukansu, mai 40 ya tsira da 9, mai 50 da 6, mai 60 ma da 3. Ajali na hannun Allah, wannan ba abin musu ba ne, amma dattijon da ke cewa lokaci ya ƙure masa bai da hujja.

Ga inda yankewa ke da rauni: in aka yi ta da ƙarfin zuciya kawai, ba shiri ba taimako, mutum 3 zuwa 5 ne kacal cikin 100 ke kai wata shida zuwa shekara ba su koma ba. Masu ba da labarin "ni rana ɗaya na jefar da kwalin, ban ƙara waiwaya ba" gaskiya suke faɗa, amma waɗanda suka jefar suka koma ba sa ba da nasu labarin. Mafi yawan masu faɗuwa kuma ba nikotin ne kaɗai ke kayar da su ba, wuri ne da lokaci. Sabo turken wawa, in ji Hausawa. Kofin shayi na safe a teburin mai shayi, bayan cin abinci, jiran fasinja a layi, zaman majalisa bayan isha inda uku cikin biyar ke busawa. Wanda ya yanke sigari amma bai taɓa ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, da wuya ya ga ƙarshen wata. Ba cewa ake a yanke zumunci ba. A ɗauki hutun mako biyu ko uku daga majalisar, a canza mai shayi, a kuma faɗa wa abokai ƙarara: "Don Allah ko na roƙa kada ku ba ni." A gida ma a sanar da uwargida tun kafin ranar, domin ita za ta sha zafin ran kwanakin farko, gara ta san daga inda yake.

Wani abu da ba kowa ya sani ba, kuma ya shafe mu sosai: goro da shayi. Kusan duk wanda ya bar sigari a nan goro yake kamawa. Hayaƙin sigari na sa hanta ta yi saurin narkar da sinadarin kafeyin mai hana barci da ke cikin goro da shayi da kofi. Da an daina, narkarwar ta yi sanyi, sai goron da ka saba ci ya yi maka aikin kusan ninki biyu. Sai faɗuwar gaba, rawar hannu, ido ya bushe da dare, mutum ya ɗauka rashin sigari ne ke neman kashe shi, ya koma. Don haka a makonnin farko rage goro ake yi, ba ƙarawa ba. Asuwaki, aya, gyaɗa, karas ko rake sun fi dacewa da bakin da ke neman abin yi. Ƙiba kuma takan zo, kilo 4 zuwa 5 a matsakaici cikin shekarar farko, amma wannan bai kama ƙafar illar hayaƙi ba.

Azumi fa? Duk shekara muna ganin abin al'ajabi: mutumin da ba ya iya awa biyu ba sigari, sai ga shi yana awa 13 zuwa 14 bai taɓa ta ba, wata guda cur. Wannan hujja ce a kansa cewa zai iya. Amma yadda akasari ake yi, ana kiran magariba a jefa dabino a baki, a kurɓi kunu, a zagaya bayan gida a jera uku a jere, a sake bayan tarawihi, a rufe da biyu bayan sahur. Wannan ba dainawa ba ce, sauya wa sigarin lokacin aiki ne kawai. Ramadan na zama dama ce ga wanda ya yi shirin dare, ba na rana ba: daga buɗa-baki sai masallaci, daga nan sai wurin tafsiri ko cikin iyali, a toshe ratar nan ta tsakanin magariba da isha. A kuma yi hattara da ranar Sallah, da yawa a nan suke zubar da aikin kwana 30. In kuwa azumi da saura, ba dalilin jira, jiran ma wata ragewa ce mara rana.

Hanya ta uku, wato haɗawa da magani, ba kishiyar yankewa ba ce, mataimakiyarta ce, kuma ita ce aka fi jahilta a nan. A watan Yulin 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagoranta na farko kan yi wa manya maganin jarabar taba, inda ta amince da abu huɗu: kayan maye gurbin nikotin, da ƙwayoyin varenicline, bupropion da cytisine.

Kayan nikotin su ne filastar da ake manna wa fata, da cingam, da alewar tsotsa. Suna ba jiki nikotin shi kaɗai, ba hayaƙi, a hankali, har ya saki. Suna ƙara damar nasara da kashi 50 zuwa 60 cikin 100, haɗa filasta da cingam kuma ya fi amfani da ɗaya. Filasta mai aikin awa 24 na zuwa da ƙarfi uku, miligiram 21, 14 da 7, ana farawa da babba ga mai shan sama da kara 10, a riƙa sauka cikin mako 8 zuwa 12. Ana manna ta da safe a busasshiyar fata mara gashi, a dantse ko kafaɗa, a canza wuri kullum. A zafin Afrilu na Kano gumi kan ɓamɓare ta, sai a ƙara mata filastar asibiti a gefe. Cingam kuwa, mai miligiram 2 ko 4, yawancin waɗanda suka ce bai yi musu ba, taunar cingam ɗin yara suka yi masa. Ba haka ake ba. A tauna kaɗan har a ji ɗan yaji, sai a ajiye shi tsakanin kunci da dasashi, in yajin ya tafi a sake taunawa, haka har kamar rabin awa. In aka tauna da sauri aka haɗiye yawun, sai shaƙuwa da ƙwannafi. Kada a sha lemon kwalba ko kofi minti 15 kafin a sa shi, tsami na hana shi shiga jiki. Ga mai azumi, cingam sai dare, filasta kuwa malamai da dama na ganin abin da ya shiga ta fata ba ya karya azumi, amma kowa ya tambayi malaminsa.

A cikin ƙwayoyi, varenicline ne ya fi ƙarfi, yana ninka damar nasara sama da sau biyu. Yana zama ne a gurbin da nikotin ke zama a ƙwaƙwalwa, ya rage sha'awa, in ma an zuƙa a ji ba daɗi. Ana fara shi mako ɗaya kafin ranar yankewa, a yi mako 12. Yakan kawo tashin zuciya da mafarkai masu yawa, mai ciwon ƙoda kuma sai likita ya rage masa. Bupropion asalinsa maganin ciwon damuwa ne, kuma haramiyar mai farfaɗiya ne ko wanda ya taɓa jijjiga. Cytisine daga tsiro ake samunsa, an daɗe ana amfani da shi a Gabashin Turai tun shekarun 1960, kwana 25 ake shan sa. Duka ukun ba abin da za a ce wa yaron kyamis "ba ni na ɗari biyar" ba ne, sai da likita. Mai juna biyu ko mai shayarwa kada ta taɓa ko ɗaya sai ta ga likita. Haka mai shan theophylline don asma, ko olanzapine da clozapine na lalurar ƙwaƙwalwa, ya sanar da likitansa cewa zai bar sigari, domin irin abin nan da ke faruwa da goro yana faruwa da su, ƙarfinsu kan ƙaru a jini.

Aibin wannan hanyar a Kano biyu ne: samu da tsada. Ba kowane kyamis na unguwa ke ajiye su ba, sai manyan kantunan magani, kuma kayan waje ne, farashinsu na bin dala. A duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Game da tsada, ɗauki biro: mai shan kara 10 a rana yana shan 3,650 a shekara. Ninka da kuɗin kara ɗaya a unguwarku, ka kwatanta da maganin wata uku. Ga likita kuma, ba sai an je wani wuri na musamman ba. A Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ko Asibitin Murtala ko asibitin unguwa, likitan da ke duba maka hawan jini zai iya wannan maganar, in ka buɗe baki ka faɗa masa gaskiyar abin da kake sha. Wanda sigarinsa ta haɗu da wiwi ko ƙwaya ko ciwon damuwa, likitocin ƙwaƙwalwa irin na Dawanau su ne gwanayen jaraba, zuwa wurinsu kuma ba ya nufin an haukace.

Wa ke buƙatar magani, wa zai iya ba shi? Tambaya biyu ke rabawa. Kara nawa a rana, kuma minti nawa bayan tashi daga barci kake kunna ta farko? In kana wuce kara 10, ko kuma ba ka iya rabin awa da farkawa sai ka zuƙa, nikotin ya kama ka da gaske, yankewa hannu rabbana za ta yi maka tsada, ka nemi filasta da cingam ko ka ga likita. In kuwa sai hantsi kake fara ta farko, uku ko huɗu a wurin abokai, naka ya fi karkata ga sabo, canza wurin zama zai fi maka amfani da duk wani magani.

Hanya ta huɗu, wato komawa wa shisha ko taba gari ko sigarin lantarki, ba zan daɗe a kanta ba, domin akasarinta an gudu ne ba a tsira ba. Shisha taba ce. Ruwan tulun sanyaya hayaƙi yake yi, ba tace shi ba, ƙamshin tuffa ko na'ana'a kuma ɓoye ɗacin kawai yake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi tun 2005 cewa zaman shisha na awa ɗaya na iya sa mutum ya shaƙi hayaƙin da ya ninka na kara ɗaya sau 100 zuwa 200, ga gawayin da ke ƙara nasa kabon monoksaid, ga bututu ɗaya na yawo baki-baki a garin da ake fama da tarin fuka. Binciken ƙasa na 2012 ya nuna kashi 7.3 cikin 100 na maza manya ne ke shan taba mai hayaƙi a Najeriya, mata kuwa kashi 0.4 kacal, amma shisha ta shiga inda sigari ta kasa shiga, har wurin 'yan mata da ba za su taɓa yarda a gan su da kara ba. Taba gari, ta shaƙa ko ta kunci, ta tsallake huhu ne ta faɗa wa baki da maƙogwaro, nikotin ɗin kuma na nan daram.

Sigarin lantarki ne kaɗai ke da abin faɗa a wannan rukunin. A wani gwaji na Ingila da aka wallafa a 2019, kashi 18 cikin 100 na waɗanda aka ba shi sun bar sigari har shekara, waɗanda aka ba kayan nikotin kuwa kusan kashi 10. Amma kashi 80 na waɗanda suka yi nasarar da shi suna nan suna zuƙar sa bayan shekarar, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ba ta sa shi cikin abin da ta amince da shi ba. Waɗanda ake sayarwa a shagunanmu ba wanda zai rantse maka da abin da ke cikin ruwansu. In mutum ya gwada komai ya kasa, komawa kansa gaba ɗaya ya fi ci gaba da hayaƙi. Haɗa biyun kuwa, lantarki a ofis, sigari a waje, asara ce biyu. Wanda bai taɓa shan komai ba kada ya kusance shi. Jiƙe-jiƙen da ake tallatawa wai suna wanke huhu, ka riƙe kuɗinka. Addu'a dai a dage da ita, tana ƙarfafa niyya, ba ta kuma hana a nemi magani.

In ka ce in zaɓa maka, ga nawa: sa rana cikin mako biyu masu zuwa, ranar da ba ta cika hayaniya ba, ka yanke gaba ɗaya, ka jefar da laita da ashana, ka haɗa da nikotin na filasta ko cingam in amsarka ga tambayoyin nan biyu ta nuna an kama ka. Ragewa na halatta ne ga wanda ya tabbata ba zai iya tsalle ɗaya ba, bisa sharaɗi uku: ranar ƙarewa a rubuce da ba ta wuce mako biyu zuwa huɗu ba, a daina sayen kara-kara da karɓar guntu, a ƙirga na ranar tun safe a ware shi, kuma duk karan da aka cire a maye shi da cingam. A fara da cire waɗanda aka fi so, ba waɗanda aka fi sauƙin bari ba.

In aka zame aka sha kara ɗaya a wurin biki ko ranar ɓacin rai, ba a ɓare filasta, ba a kuma cewa tunda ta ɓaci bari a sayi kwali. A duba me ya jawo, a ci gaba daga nan, yawancin waɗanda suka daina ba a karon farko suka dace ba. Abu ɗaya ne ba ya jiran kowace rana: tarin da ya wuce mako biyu, ko majina da jini, ko rama da gumin dare, ko ciwon ƙirji da ke tasowa in an yi sauri. Wannan na asibiti ne yau, ko an daina ko ba a daina ba, kuma gwajin tarin fuka da maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati.